Turken Farko

Kifi zan kai gidan Yumma, mahaifiyarmu, shi ke nan abin da ya fitar da ni ranar. Na rufe shagon gyaran kwamfutata da wuri, na biya bakin kogi na sayi manya biyu, aka naɗe min su a jarida. Rana ta yi ja a kan dabinai amma zafin Basra bai sauka ba. Ina tafe rigata manne da bayana, ina zagin mai kifin a zuci, don na san ya cuce ni.

Na kwana biyu ban leƙa gidan ba, aiki ya sha min kai. Yumma na zaune ne da yayana Mu'ayyad da 'yarsa Tabarak, 'yar shekara uku mai bakin aku. Ammu take kirana, wato baffa. Da ta ji motsin ƙofa take rugowa tana ihu, "Ammu Nazar, me ka kawo min? In babu, koma!"

Ranar ba wanda ya rugo.

Yumma ce ta buɗe. Ta jawo ni ciki, ta ɗora yatsa a leɓe. A kan tabarmar falo wata jaririya na rarrafe cikin rigar da ta yi mata yawa. Na kusa tambayar 'yar wace baƙuwa ce, sai na ga 'yan kunnen da na saya wa Tabarak da ƙaramar salla. Kifin ya suɓuce daga hannuna.

Na durƙusa na sa yatsa a bakinta. Dasashi ne, sai haƙora biyu a ƙasa.

"Yumma, me ya same ta? Kun je asibiti?"

"Mun je," ta ce ƙasa-ƙasa. "Likita ya ce lafiyarta ƙalau, me nake so ya yi wa jaririya? Magana ce ta fara tafiya. Sai tafiya ta bi ta. Yanzu haƙora." Ta ɗaga ido ta dubi silin. "Abin nan ne da ka sa wa Mu'ayyad a kwamfuta. Kullum gab da magariba sai ya danna shi."

Na san abin da take nufi. Manhaja ce mai mayar da kwamfuta baya, irin wadda nake sa wa shagunan wasan yara. Ranar da aka sa ta, takan kama kwamfutar yadda take, ta adana. Ni turke nake kiran wannan, don duk inda na'ura ta yi yawo, da shi ake jawo ta. Bayan haka kullum tana kafa sabon turke da kanta. In abu ya lalace, sai ka zaɓi wanda kake so, kwamfuta ta mutu ta farka tamkar ranar. Kafin ta yi, takan gargaɗe ka da layi guda: duk abin da ya zo bayan wannan lokaci zai ɓace. Ba mai karanta layin nan, wallahi ko ni ba na karantawa.

Bushra, matar Mu'ayyad, ita ta sa na saka musu. Tela ce, duk zanen ɗinkinta na cikin kwamfutar, 'ya'yan 'yar'uwarta kuma suna cika ta da shara. Tana da tsohon ciki a lokacin. Na tuna yammar sarai. Muna ɗakin ɗinkinta a saman bene, tana dafa shayin busasshen lemun tsami, tana tsokanata. Aka fara kiran magariba, taga a buɗe. Yumma ta ɗaga murya daga ƙasa, ta ce mu rufe tagar, mu bar komai, wannan ba lokacin kafa wani abu ba ne, mutanen ɓoye suna wucewa. Mu'ayyad ya yi dariya ya ce, "Ƙarasa kawai, Yumma ko rediyo tsoronsa take." Turken farko ya kafu ana tsakiyar kiran salla.

Bayan mako biyu Bushra ta rasu wajen haihuwar Tabarak. Mu'ayyad ya rufe ɗakin ɗinkin, ya bar kwamfutar a kunne, bai sake hawa ba sai kwanan nan.

Na ce wa Yumma, "Kada ki damu. Turakun baya-bayan nan suna ciki. Zan zaɓi na watan jiya, Tabarak ta dawo yadda take, sannan in cire manhajar gaba ɗaya."

Na faɗa kamar na tabbata.

Matsalar guda ce. A layinmu, wutar gwamnati da kiran magariba take ɗaukewa. Abu Hashim mai janaretan unguwa kuma ba ya tayar da nasa sai ya idar da salla, ko sama za ta faɗo. Batirin da ke riƙe kwamfutar ya daɗe da mutuwa. Kowane mai gyara ya sani, in wuta ta yanke ana tsakiyar wannan aiki, turaku duka rushewa suke, na farko kaɗai ke tsira. Na leƙa waje. Da sauran haske a kan katanga.

"Bari gobe da safe," in ji Yumma.

"Yau ma zai danna. Dubi abin da ya rage mata."

Na hau bene.

Tun daga tsakiyar matakala ƙamshin ya tare ni. Shayin lemun tsami, mai zafi, sabon dahuwa. Sai ƙarar keken ɗinki. Kar-kar-kar. Ya tsaya. Ya ci gaba.

Keken Bushra ni na kai shi kasuwa da hannuna bayan arba'in ɗinta.

Na tura ƙofa. Taga a buɗe. Mu'ayyad na gaban kwamfuta, ya ba ni baya. Furfurar da ta cika kansa tun rasuwar babu ko ɗaya.

"Abu Tabarak," na ce, wato baban Tabarak, yadda muke kiransa.

Ya waiwayo yana murmushi, irin wanda na manta yana da shi. "Abu wa? Kai dai da gaggawa. Ka bari a haihu tukuna."

"'Yarka na ƙasa, tana ƙarewa."

"Ta maƙwabta ce. Yumma ce ke kwaso yaran mutane."

A kusurwar ɗakin akwai labulen da masu kawo ɗinki ke gwada kaya a bayansa. Inuwa na zaune a can. Mace ce, da ciki a gaba. Keken ya yi shiru.

"Injiniyan ƙarya," muryar ta ce, "za ka sha shayi, ko sai an roƙe ka?"

Muryar Bushra ce. Maganar da ta yi min ce a wancan yammacin, har da 'yar dariyar ƙarshe. Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci, na kai tsakiya ta kuɓuce min.

"Yaya, matsa in duba maka kwamfutar, tana nauyi," na ce. Ya matsa ba musu, ya zauna a ƙasa yana kallon labule.

Linzamin kwamfutar sanyi ƙalau. Na buɗe jerin turakun. Suna nan, dogon layi, shekara uku cur. Na nemo na watan jiya, ranar da Tabarak ta ɓoye min takalmi a tukunya. Na danna. Kwamfutar ta mutu, ta farka a kan baƙin allo, wani siririn layi ya fara rarrafe daga gefe.

"Injiniyan ƙarya, za ka sha shayi, ko sai an roƙe ka?"

Daidai da na farko. Ko numfashi bai bambanta ba.

Layin ya kai kwata. Daga ƙasa na ji wata 'yar murya. "Am... Ammu."

Hawaye suka zubo min. Yana yi. Wallahi yana yi.

Inuwar ta miƙe.

Ta ci gaba da miƙewa har kanta ya taɓa silin.

"Nazar." Babu dariya yanzu. Muryar ta yi kauri, kamar daga rijiya. "Me kake ɗauke min?"

Na kafa ido a allon. Layin ya wuce rabi.

"Wurin yarinyar na nan." Na ji an shafa ciki, ƙarar tafin hannu a kan busasshiyar fata. "Na kusa cika."

Ƙamshin shayin ya juye. Warin laka ne yanzu, lakar kogi idan ruwa ya janye.

A ƙasa Tabarak ta ce wa kakarta, "Jidda, ina kifi?" Yumma ta fashe da kuka tana hamdala.

Saura kaɗan. Bai kai faɗin yatsa ba.

Lasifikar masallaci ta yi tari.

Allahu akbar.

Fanka ta fara sassautawa.

"A'a," na ce. "Don Allah, a'a."

Allon ya mutu.

Duhu. Shiru.

Sai kuka daga ƙasa. Siriri, mai karkarwa. Kukan da ake ji a ɗakin haihuwa.

Zoben labule suka fara ja a kan ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya.

Babu wuta a layin gaba ɗaya, amma allon ya kawo haske da kansa. Turke ɗaya ne a jerin.

Hannu ya kama wuyan hannuna. Jiƙaƙƙe. Yatsun sun zagaye shi har sau biyu.

"Ƙarasa kawai," in ji Mu'ayyad daga inda yake zaune, yana dariya.

Na ƙwala bismillah da duk ƙarfina, na fizge. Fatar hannuna ta tafi. Na gangara matakala da baya, na suri jaririyar cikin rigarta, na ja Yumma. Jaririyar ba ta da nauyi ko kaɗan. Muka faɗa titi ba takalmi. A bayanmu keken ɗinki ya ci gaba.

Washegari liman da mazan unguwa suka shiga da karatu. Suka farfasa kwamfutar, suka jefa ta kogi. Ban hana su ba, don babu abin da ya rage a cikinta da zan ceta. Mu'ayyad suka tarar zaune gaban labule shi kaɗai. Har yau yana can, ya ƙi fita. In na kai masa abinci, tambayarsa ɗaya ce, ko na samo masa motar da za ta kai Bushra asibiti in naƙuda ta tashi. Maƙwabta sun ce tagar nan tana haske kullum magariba, tun kafin Abu Hashim ya sallame.

Tabarak na gidana, wajen matata Suhaila. Mun kai ta wurin masu ruƙiyya, mun kai ta wurin likitoci, kowa ya yaba lafiyar jaririya. Na daina gyaran kwamfuta. Ina zama ne in riƙe ta, in kira sunanta, ko za ta san muryata. Ba ta sani. 'Yan kunnen sun faɗi, don hujin ya toshe.

Na yi ta gaya wa kaina cewa abin ya tsaya, tunda an fasa na'urar. Amma na san aikina. Komawa in ta fara, sai ta kai turkenta. Turken nan kuma an kafa shi ne mako biyu kafin a haife ta.

Yau da safe Suhaila ta kira ni wajen wanka. Ta ɗaga zanen ta nuna min cikin yarinyar.

Igiyar cibiya ta dawo. Ɗanya ce, kuma tana bugawa.