Jirgin da Ya Juyo

Wani manomi ne ya fara isa wurin. Ƙaramin jirgin sama na kife a gonarsa, daga nan ana hango shingen filin da ya tashi. Matuƙin shi kaɗai ne a ciki, ya riga ya cika. Babu wuta, babu ko warin mai. Tankin a bushe yake ƙayau.

Kafin la'asar an kama mai zuba mai, an ce ya ɗiga kaɗan ne ya sayar da sauran. Ba a sha wahala ba, bawan Allah ko gudu bai iya ba. Idan laifin ya tabbata, a kurkuku zai tsufa.

Sufeton 'yan sandan da aka ba binciken ba ta son aikin da ya zo da sauƙi haka. Ta zaunar da shi.

"Nawa ka zuba?"

"Yadda ya saba, ranki ya daɗe. Na zuwa da ɗan ƙari. Tsakanin filayen biyu ba nisa, a can yake cikawa."

"Man zai kai shi ya dawo da shi?"

"Da ƙyar. In bai ɓata lokaci ba."

Makaniki ya haska mata tankin da tocila. Ko tsaga babu, ba yoyo ya yi ba. Ta sallami makanikin, ta koma wurin manomi.

"Baba, daga ina jirgin ya ɓullo?"

"Daga gabas, 'yata, yana tari."

"Ba daga filin nan ba?"

"Haba! Filin ya nufa."

Ashe dawowa yake yi. Ta shiga mota ta nufi ɗaya filin, wanda jirgi ke sauka a cikinsa jefi-jefi. Manajan wurin ya tarbe ta da fara'ar da ta yi yawa.

"Bai iso nan ba, wallahi. Ko ƙararsa ba mu ji ba."

Ta bar shi da rantsuwarsa ta taka titin saukar jirgi. Sawun tayoyi ne birjik, suna lanƙwasa suna zagaye. Ga tsofaffin jarkoki an jere a gefe. A tsakiyar titin kuma baƙin mai ya malale, bai gama bushewa ba.

"Manaja, wane jirgi ne ke kwana haka a ƙasa?"

Ta nuna masa jarkokin da sawun tayoyin.

"Koyon mota ake yi a nan. Wa ka ba titin?"

"Surukina ne," ya ce a hankali. "Ranar da ba jirgi kawai."

"Yau kuma aka yi rashin sa'a, jirgi ya zo."

"Tifa ce ta mutu a tsakiya. Ta ƙi turuwa."

"Bari in ƙarasa maka. Ya iso lafiya da man da aka zuba masa. Ya tarar da titi a toshe, ya yi ta shawagi yana ƙona ƙarin da zai mai da shi gida. Da ya juya, man bai kai shi ba. Kai kuma ka rufe baki, ka bar wani a ɗaure."

Manaja ya zauna a kan jarka. Abin da ya fi ci wa Sufeto rai shi ta bari a ƙarshe.

"Ya kira ka a rediyo?"

"Ya kira."

"Da ka gaya masa gaskiya tun farko, da ya juya da sauran mansa. Me ka ce masa?"

Manaja ya share fuska da hularsa.

"Na ce ya ɗan ƙara haƙuri, yanzun nan za a janye."