Hannun Da Amarya Ta Ɓoye

Tela na zaune a bakin gado ba riga, don ko zare ya taɓa shi ji yake kamar an ɗora masa garwashi. Ƙuraje masu ruwa sun yi masa layi daga gadon baya zuwa ƙirji, ɓari guda kawai. Matarsa, wadda har yau ake kira Amarya, tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta cikin mayafi.

Inna, mahaifiyar Tela, ta miƙo mata kwaɓin toka da kanwa. "Ungo, shafa wa mijinki."

"Inna, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Kuma likita ya hana a sa masa irin wannan."

"Oho, su likita manya. Da yake ɗinka miki kaya kin iya sakawa, yau kuma ƙyama ta zo?"

Maganar ta soki Amarya har zuci, amma ta haɗiye. Likita ya yi musu bayani dalla-dalla, ita da Tela: ƙwayar ƙarambau ɗin da Tela ya yi yana yaro ce ta kwanta a jijiya, gajiya da rashin barci suka tashe ta. Ruwan ƙurajen na iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau, wanda haɗari ne ga ɗan da ke ciki. Ita kuwa ba ta taɓa yi ba, ga ƙaramin ciki, irin wanda kunya ba ta bari a faɗa wa suruka.

Ba wai ta naɗe hannu ba ne. Ita ke tuna masa lokacin shan magani, ta ajiye ruwan sanyi da tsumma mai tsabta ya riƙa dannawa da kansa. Ta kulle shago don ya huta, ta hau kekensa ta ɗinka masa ƙatuwar rigar auduga da za ta rufe wurin, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Wannan ɗinkin, ko kyauta kwastoma ba zai karɓa ba," in ji Tela, yana dariya yana cije leɓe. "Ki bari in gaya wa Inna zancen cikin mana."

"Don Allah a'a. Da wane ido zan kalle ta?"

Inna dai taɓawa kawai take son gani. Da abin ya ishe ta, ta ce, "Matar da ke gudun ciwonka ba mata ba ce. Yau ko ta shafa, ko ta tattara nata ya nata." Ta kamo hannun Amarya tana ja zuwa ga ƙurajen.

Amarya ta turje. Ta zare hannun, ta ɗora shi a kan mararta, hawaye na zuba. "Inna, ko za a kore ni ba zan taɓa ba. Jikanki nake karewa."

Ta faɗi abin da likita ya ce, kai a sunkuye. Inna ta dubi hannun da ke kan marar. Can ta ture kwaɓin gefe, ta naɗe hannun riga.

"Ja'ira, shi ne kika bar ni ina ta zuba? Ni na yi ƙarambau, ga tabon a goshina. Miƙo tsumman, ki koma can nesa ki zauna."

Ƙurajen suka bushe, raɗaɗin ya ɗan jima kafin ya tafi. Ranar da aka haifi yarinya lafiya lau, Inna ce ta fara karɓar ta, ta sumbaci hannun Amarya da ta taɓa ja da ƙarfi.

Kada a yi saurin yanke wa mai haƙuri hukunci. Wani ja da bayan ba ƙi ba ne, so ne tsantsa.