Mai Shan Ruwan Gindin Jirgi

"Kombo, kai dai ka haɗa wayar a karkace!" in ji Kawu Shee. "Famfon kwashe ruwan jirgin nan da aka ce zai tashi da kansa in ruwa ya taru, ko tari bai yi ba. Haka za mu bar tsibirin Lamu gobe?"

"Daidai na haɗa, Kawu. Ruwan ne ba ya taruwa."

Kombo ya ja tsaki, ya haska tocila, ya ɗaga katakon gindin jirgin. Warin ruɓaɓɓen kifi ya buso. Wani tsoho ne kwance rub da ciki, fatarsa a kumbure, fari fat, yana lasar ruwan kamar kare.

Tsohon ya ɗago, ruwa na dalala daga bakinsa.

"Samari, in kun kwashe, ni me zan sha?"