Ledoji Biyar na Ƙasa

Ranar da aka gurfanar da Batulu a ƙofar gidan dagaci, a wani ƙauye da ke gefen Roni, ba sata ta yi ba, ba kuma wani ta zaga ba. Ledoji biyar na ƙasa aka zube a gabanta, kowace da 'yar takarda ɗaure a bakinta. Tana durƙushe cikin rana, hawaye wani na korar wani, mutanen gari sun yi mata zobe. Baffanta Maikasuwa, ƙanin mahaifinta, shi ne yake ta kumfar baki.

"Ranka ya daɗe, matata Saude da idonta ta gan ta. Ta bi kusurwa huɗu na gonata ta haƙa, ta ƙara da tsakiya, ta ƙulle har da rubutu. Duk wanda ya ɗebi ƙasar gonar mutum haka, ai ka san wurin bokan da zai kai ta."

"Wallahi, ranka ya daɗe, ɗakin gwaji zan kai," in ji Batulu. "Aikin makaranta ne. Aunawa ake yi a ga abin da ƙasa ta rasa..." Dariyar mutane ce ta danne sauran maganar.

Gonar da Maikasuwa yake kira tasa, ta uban Batulu ce. Uwarta ta rasu tana goye, uban ya bi ta tana aji huɗu na sakandare, baffan ya karɓe gonar da sunan riƙo. Shekarar farko ya sare manyan itatuwan gawo guda shida da marigayin yake ji da su, waɗanda ganyensu ke zuba ya zame wa ƙasa taki, ya sayar wa masu gidan burodi. Daga nan sai dawa bayan dawa, babu taki, babu hutu. Wannan shi ne riƙon amana!

Lokacin cike takardar shiga jami'a, malamarta a Kazaure, Malama Juliana, ta zaunar da ita ta jero mata hanyoyi. Akwai ilimin tsirrai, akwai na duwatsu da ma'adinai, akwai na muhalli, akwai kuma kimiyyar ƙasar noma. Batulu ta tuna yadda babanta yake damƙar ƙasa bayan ruwan fari, ya murza, ya sansana, ya ce ta ƙoshi ko tana jin yunwa. Nan take ta zaɓi na ƙarshen. Saude kuwa har da shewa. "'Ya'yan mutane suna karatun likita, ke za ki jami'a ki karanto turɓaya. Ga ta nan fal a tsakar gida, ki share."

A hutun shekararta ta uku ne ta ga wuta-wuta ta fara mamaye gonar, ciyawar nan mai fure ruwan hoda da ke tsotse saiwar dawa. Tausayin baffanta ya kama ta, ta ɗebi ƙasar don a auna a taimake shi. Laifinta ke nan, ba ƙari.

Dagaci ya ce bai ga hujja ba, ya sallami kowa. Amma da kaka ta zo dawar ta tsumbure, ko dami goma ba a ɗaure ba, sai gari ya yanke nasa hukuncin. Mata suka daina ba ta guga a bakin rijiya. In ta yi sallama a gidan biki, sai a janye yara. Saude ta kwashi littattafanta na shekara uku ta cusa a murhu, Batulu na riƙe da ƙafarta tana cewa, "Inna, ku dubi Allah, ku dubi maraicina..." Ko kallonta ba ta yi ba. Da ta nemi rabonta na gado, Maikasuwa ya nuna mata wani faƙo a gindin dutse, inda ko akuya ba ta tsayawa, ya ce ta je ta yi asirinta a can. Marainiyar Allah ta ɗaga ido sama ta ce, "Ya Allah, Kai ne shaidata." Ta hau acaɓa zuwa Kazaure, Malama Juliana ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin 'ya'yanta.

Ta gama karatu, ta dawo wa faƙon nan da fartanya. Ta jera duwatsu layi-layi don su tare ruwa, ta haƙa ƙananan ramuka ta cika su da kashin awaki, ta shuka gero haɗe da wake, ta dasa 'ya'yan gawo. Hannunta ya yi kanta, masu wucewa suna cewa boko ya taɓa ta. Damina ta farko ta sami abin kunu. Ta biyu kuwa gero ya shanye tsayin mutum, gonar Maikasuwa kuma ta koma fure zalla.

Sai dagaci ya aiko yana son ta nuna wa manoma yadda ta yi. Da sassafe suka ɗunguma, shi da dattawa da ita. Suna shan kwanar dutsen suka hangi mutum tsugune a kusurwar gonar Batulu, yana haƙa yana waige-waige. Maikasuwa ne! Ga ledoji huɗu cike a gefensa, ta biyar a hannu. Ashe ya gaskata ƙaryar da ya shara, ya zo satar albarkar gonar ya kai tasa.

"Maikasuwa," in ji dagaci, "wurin wane bokan za ka kai?"

Ya saki ledar da ke hannunsa, gumi ya jiƙa masa riga. Dattawan da suka yi dariya a wancan karon suka sunkuyar da kai. Nan take dagaci ya ce a kira masu rabon gado, a fitar wa marainiya rabin gonar ubanta da shari'a ta ba ta, Maikasuwa da Saude kuma su wanke ta a gaban jama'a, a ƙofar da suka tozarta ta.

Batulu ta daɗe tana kuka, har mayafinta ya jiƙe. Sannan ta durƙusa ta zazzage ledojin ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da ƙasarta ramukanta, ta miƙa masa su wayam.

"Baffa, ba wannan ce marar lafiya ba. Ku je ku ɗebo ta waccan gonar, kusurwa huɗu da tsakiya. Ni zan kai a auna."