Muryar da Kunnen Aljihu Ya Naɗa

Na'urar ba ta fi akwatin ashana girma ba. Alhaji Ilu mai rumfa ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya danna gefenta, wata 'yar fitila koriya ta kama. Daidai lokacin jirgin ƙasa mai tafiya a kan gada ya bi ta saman kasuwar na'urori ta Gusau, rufin ya ɗauki rawa, injinan sanyaya ɗaki suna ta gurnani. Cikin wannan hayaniya ya faɗi sunansa da lambar rumfarsa, sannan ya kunna abin da aka naɗa. Murya ta fito tas, babu jirgi, babu inji.

"Kin ji ko, Malama? Sunanta Kunnen Aljihu. Duk ƙazantar sauti tace ta take yi."

Barira ta ji muryar ta ɗan fi tasa laushi, amma ta ɗauka aikin lasifika ne. Ita ma'aikaciya ce a rukunin masu gyaran allunan hasken rana na dogayen benaye, ta san waya da batir, ba ta san harkar sauti ba. Abin da ya kawo ta shi ne mahaifinta, Sa'idu Mai Gurmi. A shekarar 2094 shi kaɗai ya rage a birnin da ke kaɗa gurmi da yatsunsa. Sauran kiɗa duk inji ke haɗa shi, kowa a kunnensa, gwargwadon bugun zuciyarsa. Shekara hamsin tsohon yana ƙin a naɗi muryarsa, yana cewa waƙa ta wanda ya zo ce. Sai bana, da hannunsa ya fara rawa, ya amince zai yi wasa na ƙarshe ranar Asabar, kuma a naɗa.

"Waccan fa?" Barira ta nuna wata baƙar na'ura mai nauyi a cikin gilashi.

"Tsohon yayi ce. Komai take kwashewa, har tarin mutane. Masu bincike kaɗai ke sayenta."

Da ya faɗi kuɗinta, Barira ta lissafa. Ya kai albashinta na wata biyar, Asabar kuwa saura kwana uku. Ta juya Kunnen Aljihu a hannunta, ta tambayi ƙarfin batirinsa da nisan da yake ji. Amsoshin duk sun yi mata. Ta saya.

An yi wasan da la'asar a farfajiyar tsohuwar ma'aikatar auduga. Mutane kusan ɗari biyu suka zo, yawancinsu masu furfura. Sa'idu ya zauna a tabarma, ya rungume gurminsa, ya dubi 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, abin naki ya shirya?"

"Ya shirya, Baba."

Ya fara. Muryarsa ta dushe, tana karyewa a wuraren da da take hawa. 'Yan ƙarafan da ke wuyan gurmin suna zuza da kowane bugu. 'Yan amshinsa duk sun rasu, sai jama'a suka karɓa, wasu a gaba, wasu a baya. Da ya kai waƙar da ya yi wa marigayiya matarsa, ya tsaya a tsakiyar baiti, ya kasa ci gaba. Wurin ya yi tsit na tsawon lokaci, har wata tsohuwa ta ɗauko masa baitin da muryarta mai rawa, ya kama daga nan. Barira tana kuka, tana riƙe da na'urar sama don kada komai ya wuce ta.

Bayan magariba, suna hanyar gida, bakin Sa'idu ya karkace, hannun damansa ya saki. Kwana goma sha ɗaya suka yi a asibiti. Likita ya ce zai rayu, amma yatsun sun tafi, harshen ma sai kaɗan.

Sai da suka dawo gida Barira ta sami sukunin saurare. Ta sa a kunne, ta ji wani saurayi mai zazzaƙar murya yana rera waƙoƙin mahaifinta. Babu dushewa. Babu zuzar ƙarafa. Babu amshin jama'a. Ta tura zuwa waƙar mahaifiyarta: baitin ya wuce sumul, ba tsayawa, ba tsohuwar.

Washegari ta tafi ofishin kamfanin. Aka haɗa ta da wata injiniya mai suna Zulai, wadda ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta yi mata bayani a hankali. Kunnen Aljihu ba ya ajiye sauti. Ajiye sauti na cin wuri, wuri kuma tsada gare shi. Abin da yake yi shi ne ya rubuta kalmomi da hawa da saukar kari, ya zubar da sauran nan take. Idan an kunna, ƙwaƙwalwar injin ta sake gina waƙar da muryar da ta koya daga miliyoyin mawaƙa. Wannan ne sirrin arharsa.

"To ina asalin?" in ji Barira.

"Babu asali, 'yar'uwa. Tun a filin ya tafi." Zulai ta sunkuyar da kai. "Ina cikin waɗanda suka tsara matacin sautin. Mun yi gwaji da mutum dubu, kusan duka suka zaɓi wadda aka gyara. Mun ɗauka alheri muke yi."

Barira ba ta haƙura ba. Ta tuna hannuwa da yawa a sama ranar wasan. Ta ɗauki hutu, ta bi gida gida, daga Tudun Wada har benayen bakin dam. Ta sami mutum talatin da huɗu da suka naɗa. Masu Kunnen Aljihu ne, ko masu wayoyin da ke ɗauke da matacin kamfanin. Ko'ina saurayin nan take tararwa, murya ɗaya, numfashi ɗaya. Wani dattijo ma ya riƙe hannunta yana murna, wai ashe Sa'idu bai tsufa ba.

Ta ɓoye na'urar a ƙasan akwati. Amma wata safiya, tana ba mahaifinta kunu da cokali, ya kama gefen zanenta da hannun hagu.

"Uwata... waƙar."

"Baba, ba ta yi kyau ba."

"Sa mini."

Ta ɗauko, ta ajiye kusa da matashinsa, ta kunna. Tsohon ya rufe ido. Ya saurari ta farko, ya saurari ta biyu, yatsun hagunsa suna motsi a kan bargo. Da aka zo waƙar matarsa, ya buɗe ido, ya jira wurin da ya tsaya. Saurayin ya wuce ba tare da ya ja numfashi ba.

Sa'idu ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya tattaro harshensa da ƙyar.

"Yaron nan ya iya," ya ce. "Ya fi ni murya. Ɗan wane ne?"

Barira ta kashe na'urar.

"Ki gaya masa," in ji tsohon, "matar nan da yake wa waƙa... ta rasu. Da alama ba a faɗa masa ba."