Furen da Ya Jira Ja

Ranar da abin ya fara, miyar kabeji ce a kan wuta. Zenon yana yanka burodi a jikin ƙirjinsa, 'yarsa Ludka tana jera cokula. Ta jera uku, ta tuna, ta mayar da ɗaya. Rana ta faɗa bayan itatuwa, ɗan hasken da ya rage ya kwanta a bangon murhu, bangon nan fari fat kamar likkafani.

A ƙauyenmu, can wajen birnin Tarnów, bango ba ya zama fari. Hayaƙin murhu yakan baƙanta ɗaki lokacin sanyi. Idan ƙanƙara ta narke sai a shafa farar ƙasa, uwargida ta ɗaure gashin jelar saniya a tsinke, ta cika bangon da furanni. Leokadia, matar Zenon, ta fi kowa hannu. Ta rasu tana tsakiyar zanen bana. Da aka dawo daga makabarta, Zenon ya ɗauki bokitin farar ƙasa ya shafe bangon gaba ɗaya.

Suna kai cokali baki sai wani abu ya bugi rufi, ya gangaro, ya faɗi a ƙofa. Zenon ya fita yana zagin yaran maƙwabta. Ba kowa a tsakar gida, karen ma ya shige ƙarƙashin amalanke. Ya ɗauko abin. Ba dutse ba ne, dunƙulen busasshiyar farar ƙasa ne. Ya murtsuke shi a tafinsa, cikinsa ya fito da shuɗi, da kore, da ruwan ɗorawa.

Da ya koma ɗaki, Ludka tana durƙushe gaban murhu, yatsanta cikin kunkunniya.

Daga ranar ta daina magana. Kullum rana ta karkata sai jifa ya fara, a cikin bango kuma a riƙa jin ƙara kamar ana jan busasshen burushi. Ita kuwa zane ɗaya take yi da baƙin hayaƙi, a ƙasa, a ƙyaure, a damtsenta: babban fure, zagayensa kawai, cikinsa wayam. Ba ta ci, ba ta barci sosai. Fatar yatsanta ta saɓule. Likita ya ce baƙin ciki ne, zai wuce. Limamin coci ya zo ya yayyafa ruwa, ya yi addu'a, yana fita dunƙule ya faɗo gaban takalminsa. Zenon yana kallon yarinyar tana ƙarewa kamar kyandir, kuma duk furen da ta zana sai ya kau da kai.

Daga ƙarshe ya haye kogi a jirgin fito, ya ɗauko Iya Apolonia, tsohuwar da ta haddace addu'o'in da ko limamai sun manta da su. Ta shigo da la'asar sakaliya, ta tsaya gaban bangon, ta daɗe. Ta tambaye shi ko asibiti yake shirin buɗewa a ɗakin.

Ta narka kakin zuma, ta tsiyaya shi cikin kwanon ruwa a saman kan Ludka, leɓunanta suna motsi. Kakin ya daskare ya zama zobe, tsakiyarsa rami. Sai yarinyar ta ɗago. Muryar da ta fito daga bakinta ba tata ba ce, a bushe take, a hankali.

"Tsohuwa, kin sha hanya a banza. Ba da ke nake ba."

Iya ta ce ko da wa yake, jikin 'yar mutane ba masauki ba ne. Ta tambayi aljanin da ke magana ko shi wane ne, daga ina.

Ya ce shi mazaunin bangon ne tun ana gina murhun. Mata huɗu ya zauna da su. Ta farko ɗige-ɗige kawai take yi da toka. Ta biyu shuɗi take so, ta uku tana haɗa fentinta da madara, har ganyenta suna ƙyalli. Ta huɗu ita ce Leokadia. Kowace ta shafe na wadda ta gabace ta, amma ba ta bar shi ya kwana a fili ba. Bai taɓa cutar da ko kaza ba. Yanzu an rushe masa lambu, ya shiga inda sauran furannin suka rage, wato hannun 'yar Leokadia.

Iya ta ce Ludka za ta zana masa sabo idan ya sake ta. Ya yi dariya, ya ce sai dai a bar masa hannunta na dama. Iya ta buga sandarta a ƙasa, ta ce ko farce ba zai samu ba.

Sannan idon yarinyar ya juya kan ubanta.

"Tambaye shi jan fenti."

Zenon ya zauna a benci. Aljanin bai jira shi ba. Ya ce Leokadia ta zana zagayen babban fure a tsakiyar bango, janta ya ƙare, ta roƙi mijinta ya sayo mata a Tarnów. Ya je kasuwa ya dawo, ya manta. Ya sake zuwa, ya ce mako mai zuwa. Ita kuwa tana dariya tana cewa furen zai jira, ai ba shi da wurin zuwa.

"Ba don baƙin ciki ka shafe ba," in ji muryar. "Ramin furen nan ne yake kallonka."

"Haka ne," Zenon ya ce, kansa a ƙasa.

Aljanin ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: hannun da ya shafe shi zai cika furen, a daidai inda ta bar shi, kafin rana ta sake faɗuwa. In ba haka ba, yarinyar ta zama ta aljanin.

Washegari Zenon ya dawo daga Tarnów da gwangwanin ja a ƙirjinsa. Ya tsaya gaban farin bango, ya lalaba nan, ya lalaba can, bai san inda furen yake ba. Inuwa tana ta tsawo. Iya Apolonia ta miƙa masa tsumma da bokitin ruwa, ta ce aurensa shekara da shekaru bai taɓa kallon matarsa tana aiki ba, farar ƙasa in ta jiƙe ba ta riƙe asiri.

Ya jiƙa bangon. A hankali suka fara tasowa daga ƙarƙashin fari, kamar fuskoki a cikin ruwa: ganyen Leokadia, reshenta, shuɗin wata matar da ta gabace ta a bayansu. A tsakiya ga zagayen furen, yana jira. Iya ta ce ya yi sauri kafin ya bushe.

Hannun da ya saba da garma ya riƙe tsinken. Jan ya zubo, ya tsallake layinta, ya yi hawaye zuwa ƙasa. Bai tsaya ba sai da ya cika shi. Ƙarar da ke cikin bango ta ja sau ɗaya, doguwa, ta ɗauke.

Bangon ya soma bushewa. Furannin Leokadia suka koma ƙarƙashin fari ɗaya bayan ɗaya, yana kallo, ba yadda zai yi. Ja kaɗai ya rage, karkatacce.

A bayansa aka yi ɗan tari. Ludka ce, da muryarta, a gajiye.

"Baba, ka fita layi. Da Mama ta gani, da ta kore ka waje."

Zenon bai juyo ba. Ya ce ya sani.