Masu Sauraro Marasa Takalma

Tabarau kawai ta manta. A kan teburinta na ɗakin karatu ta bar shi, kuma in babu shi ko zare ba ta iya zura wa allura. Shi ya sa da yamma ta miƙa wa 'yarta makulli ta ce, "Auta, yi maza ki ɗauko min. Ban da tsayawa leƙen littafi." Yarinyar ta yi dariya, don ta san faɗa ne kawai aka yi. Shekarunta goma sha uku, kuma ko takardar da aka ƙunso sabulu ce sai ta karance ta kafin ta yar.

Rana ta yi ja, Auta ba ta dawo ba. Uwar ta sauke tukunya, ta yafa mayafi, ta fita tana mita cewa yau sai ta ja kunnen yarinyar nan.

Ita ce mai kula da sashen yara a ɗakin karatun unguwar. In dogon hutu ya zo, iyaye sukan kwaso mata 'ya'yansu su samu su huta da ƙiriniya. Da safe zane da fenti, da rana ginin yumɓu da jiragen takarda. 'Yan mata da samarin da suka fara tasawa kuwa kantar littattafai guda ta ware musu, ta jera littattafan da ta zaɓa. Kowa ta san nasa: wannan sai labarin bincike, waccan sai wanda zai sa ta kuka. Da yamma sai a shimfiɗa babbar tabarma, kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta buɗe littafi ta karanta musu.

A nan take da wata dabara da take ji da ita. Ba ta taɓa ƙarasa labari a zama ɗaya. Sai ya kai inda yara suka daina ko ƙifta ido, sannan ta rufe littafin, ta ce, "Sai gobe." Su yi ta magiya, ta yi kunnen uwar shegu. Washegari kuwa tun kafin ta buɗe ƙofa sun yi layi. Da haka sunanta ya ɓace, ta koma Anti Sai-gobe, har iyayen ma haka suke kiranta.

Wani abin kuma, ba ta karanta littafi ita kaɗai kafin ta karanta musu. Ta ce in ta san ƙarshe, muryarta za ta tona mata asiri. To, a nan gizo ya yi saƙarsa. Littafin bana a cikin kwalin kyauta ya zo, mai koren bango, labarin wata yarinya da ta shiga tsohon gida neman ƙanenta, duk ƙofar da ta wuce sai ta rufe a bayanta. Yau, ranar ƙarshe ta hutu, Anti ta juya shafi ta tarar babu sauran. An yage. Yara sun zuba mata ido. Kunya ta kama ta, bakinta ya faɗi abin da ya saba: "Sai gobe." Alhali ta san babu wani gobe. Makaranta za ta koma, masu gyaran rufi kuma za su rufe ginin.

Ta iso almuru ya fara sauka. Baba maigadi yana tsaye can bakin titi, ba a kan bencinsa ba.

"Baba, Auta fa?"

"Tana ciki, 'yata. Tun ɗazu." Bai kalle ta ba. "Na kira ta, na kira ta. Karatu take."

"Shi ne ba ka shiga ka koro min ita ba?"

Ya miƙo mata tocila. "Na taɓa gaya miki, kika ce tsufa ne. Ba duk mai sauraronki ne yake barin takalmi a bakin ƙofa ba."

Gaskiya ya faɗa mata, kuma gaskiya ta yi masa dariya. Amma yanzu da take taka matakalar, abubuwan da ta yi ta kawar wa kai suka dawo mata. In ta rufe littafi, ajiyar zuciyar da ke tashi a ɗakin takan fi ƙarfin yaran da ke gabanta. Ƙarshen tabarmar, wajen taga, kullum yara sukan bar shi fayau, kuma in ta tambaye su sai su ce ai da mutane. Da safe takan samu ƙananan dawakan yumɓu a kan kantar littattafai, ɗanyu sharaf, waɗanda ba ta tuna wanda ya gina su ba.

Ta tura ƙofa. Babu wuta, masu gyara sun yanke. Warin tsohuwar takarda ya tare ta, da na fenti, da wani ƙamshi irin na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Bai kamata a ji shi a cikin gini ba.

"Auta?"

Can ciki wata murya tana tashi tana sauka. Muryar 'yarta ce, amma ta dushe kamar ta wanda ya wuni yana talla.

Ta bi tsakanin kantoci. Hasken tocilar ya faɗa kan zanen yara da aka manna a bango, gidaje masu hayaƙi, rana mai haƙora. Jiragen takardar da aka rataye da zare suna juyawa a hankali. Babu iska.

A bakin ƙofar sashen yara takalman Auta ne, an jera su tsaf. Su kaɗai.

An shimfiɗa tabarmar. Da hannunta ta naɗe ta ɗazu, ta jingine ta a kusurwa.

Auta tana kan kujerar karatu, koren littafin a cinyarta. Bayanta a miƙe. Idanunta a kan shafin, hawaye ya bushe a kumatunta.

"Sai ta miƙa hannu," yarinyar take karantawa, "ta kama mariƙin ƙofar ƙarshe, ta ji yana da ɗumi, sai..."

Ta tsaya. Ta juya shafi. Babu komai.

Wani dogon nishi ya tashi daga tabarmar, nishin bakuna da yawa. Shafin ya koma baya da kansa.

"Sai ta miƙa hannu, ta kama mariƙin ƙofar ƙarshe..."

Uwar ta haska tabarmar. Ba kowa. Amma ta lotsa wuri-wuri, ƙananan lotsawa, irin na zaman yara. Ɗaya ta motsa, kamar an gyara ƙafa.

Tsoro ya kama ta. Ta karanto addu'ar da ta zo bakinta. Ta taka gefen tabarmar, sanyi ya ratsa tafin ƙafarta har ƙugu. Ta kai hannu ta kamo damtsen 'yarta ta ja.

Kamar ta ja ginshiƙin gida.

"Mama," Auta ta raɗa ba tare da ta ɗago ba, leɓenta ya tsage. "Sun ce an yi musu alkawarin gobe. Sun ce gobensu ta yi tun da rana ta faɗi. Ba zan tashi ba sai an ƙarasa."

"Babu ƙarshen, 'yar nan. An yage."

"Na gaya musu. Mama, maƙogwarona..." Shafin ya sake komawa. Muryar ta fizge ta. "Sai ta miƙa hannu..."

Uwar ta durƙusa. Ta dubi tabarmar da babu kowa. Ta tattaro muryar aikinta, wadda take tsawatar wa yara da ita, amma abin da ya fito siriri ne.

"To, ku saurara. Ni zan ƙarasa. Ta buɗe ƙofar, sai... sai ta farka a kan gadonta. Ashe duk mafarki ne."

Sai kantar matasa ta girgiza. Littattafan da ta jera da hannunta suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Jiragen takarda suka tsinke. Tocilar ta yi ja, ta kusa mutuwa.

Auta ta kama wuyanta. Numfashinta ya koma shaƙuwa.

Wata ƙaramar murya ta yi magana dab da kunnen uwar. Numfashin mai maganar sanyi, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Anti. Ban da wayo."

Ta san wannan. Ko yaranta masu takalma ba sa yarda da irin wannan ƙarshen. Sun ba ta hutu guda na sauraro, ita kuma ta zo za ta sallame su da ƙarya.

Ta rufe ido. Ta riƙe ƙafar 'yarta da hannu biyu.

"Mariƙin yana da ɗumi," ta ce a hankali, "saboda akwai mai riƙe da shi ta ɗaya gefen."

Kantar ta tsaya.

"Uwarsu ce. Tun da rana ta yi ja take nemansu. Ta bar tukunya, ta fito. Ta zagaya gidan ta baya, ƙaya ta yage mata zane, ba ta ji ba. Ƙanen yana goye a bayanta, a gindin katanga ta tsince shi yana barci. Saura yarinyar."

Tabarmar ta yi ƙara. Ana matsowa.

"Ƙofar nan ba ta buɗuwa daga ciki. Daga waje ma ba ta buɗuwa. Sai an murɗa tare. Uwar ta ce, 'Ke ce?' Yarinyar ta ce, 'Ni ce, Mama.' Ta ce, 'To, murɗa.'"

Wani abu mai sanyi ya jingina da kafaɗarta. Wani ya kama gefen mayafinta.

"Suka murɗa. Ƙofar ta buɗe. Uwar ba ta yi faɗa ba, duk da ta yi niyya. Ta kama hannunta suka tafi gida. Suka ci abinci, ya huce, amma suka ci. Nan labarin ya ƙare. Babu saura."

Ajiyar zuciya ta cika ɗakin, doguwa, mai laushi.

Littafin ya rufe kansa.

Auta ta sulalo jikinta kamar tsumma. Uwar ta cicciɓe ta, ba ta san inda ƙarfin ya fito ba. Ta bar takalman. Ta bar tabarau. Ta nufi ƙofa, tana tuntuɓe da littattafai.

Ta kai hannu ga mariƙi.

Yana da ɗumi.

"Anti," muryar ta ce a bayanta. "Mu ma muna da labari. Tukuici."

Ba ta juya ba.

"Wata yarinya ce mai son karatu. Ta girma, ta yi tsawo, ta fi uwarta. Wata rana da yamma ta fito da koren mayafi. Ta tsaya a bakin titi. Uwarta tana tsallake, tana ɗaga mata hannu. Yarinyar ta sa ƙafa, sai..."

Shiru.

"Sai me?" Ba ta san ta yi magana ba. "Sai me? Don Allah, sai me?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, dariyar yara da yawa, babu mugunta a ciki. Irin wasan da suka koya a wurinta ne.

"Sai gobe, Anti."

Ƙofar ta buɗe. Baba maigadi ne ya turo ta daga waje, ya rufe ido, bakinsa yana motsi. Ya janyo su zuwa hasken titi.

Auta ta yi kwanaki ba murya. Da ta warke ba ta tuna komai ba, sai dai ta ce ta shiga ɗauko tabarau ta ji barci. Ba wanda ya gaya mata sauran.

Da aka gama gyaran rufi, Anti ta koma aikinta. Hutun da ya biyo baya yara suka tarar ta canza. Kowane littafi sai ta karance shi har bangon baya kafin ta ɗora shi a kantar matasa. Labari kuwa, komai tsawonsa, a zama ɗaya take ƙarasa shi, kuma tun rana tana sama take kulle ƙofa. Sunan dai ya bi ta, amma in an kira ta da shi ba ta dariya.

Sau da yawa, in almuru ya yi, takan tsinci kanta a bakin matakalar ginin da makulli a hannu. Ta san suna ciki, ta san in ta shiga za su ƙarasa mata. Takan daɗe a tsaye, sannan ta juya gida. Tana son ta ji, kuma tana tsoron ta ji.

Auta ta girma, ta fi uwarta tsawo. Ƙawayenta suna yi mata tsiya cewa har yau ba ta tsallaka titi sai an riƙe mata hannu. Ranar nan ta dawo daga kasuwa da fara'a, ta zazzage leda a kan gado.

"Mama, duba abin da na samo. Ya yi min kyau?"

Uwar ta sa tabarau ta duba. Mayafi ne, kore.